Gwaggo da Dinarin Tunis

A jikin allon sanarwa na ɗakin da muke shan kofi na ga takardar, a gidan tsofaffin da nake aiki a Rillieux-la-Pape, kusa da birnin Lyon. Hoton wani farin jirgin ruwa ne, hawa-hawa kamar benayen unguwarmu. An rubuta kwana bakwai, daga Marseille zuwa Italiya, a ratsa Tunis, a biyo ta Sifen a dawo, kuma ƙungiyar ma'aikata za ta biya wa mutum biyu kashi ɗaya cikin uku. Na tsaya ina karantawa har kofina ya huce. Shekarata goma sha tara a Faransa a lokacin, kuma duk hutun da na taɓa samu Damagaram nake zuwa, in sha gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, in dawo a gajiye fiye da yadda na tafi. Ban taɓa fita don kallo kawai ba.

Da na koma gida Vaulx-en-Velin na nuna wa maigidana hoton a wayata. Direban bas ne, mutum ne mai son ya ji taya a kan kwalta. Ya duba, ya miƙo mini wayar.

"Kwana bakwai babu ƙasa a ƙarƙashina? Allah ya kiyaye hanya. Ki nemi wadda ba ta da tsoro ku tafi tare."

Mace ɗaya na sani a duk Faransa wadda ba ta da tsoro, ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Shekarunta sittin da bakwai, tana zaune a Bobigny, gefen Paris, tun kafin in zo ƙasar. 'Yar kasuwa ce. Tana sayen tsofaffin firji da kekunan ɗinki da takalma, ta cika kwantena, ta aika Maraɗi ta hanyar Kwatano. Na kira ta bayan la'asar. Muka gaisa a taƙaice, lafiya, gida, aiki, ƙafa da sauƙi, sannan na faɗa mata.

Sai ta ce, "Ɗiyata, shekara talatin ina biya wa firji kuɗin jirgin ruwa. Ni ban taɓa taka shi ba. Rubuta sunana."

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina canza wa tsofaffi zanen gado ina murmushi ni kaɗai, har wata tsohuwa Bafaranshiya da nake yi wa wanka ta tambaye ni ko sabon saurayi na yi.

Saura mako uku tafiya Gwaggo ta ce in hau jirgin ƙasa in zo Paris, maganar kuɗi ba ta waya ba ce. Na je ranar Asabar. Gidanta a hawa na tara yake, falon cike da kwalaye har bakin taga. Bayan na ci tuwon da ta ajiye mini, ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado ta juye shi a kan darduma. Ragowar kuɗin duk ƙasar da ta taɓa zuwa ne: riyal na aikin Hajji, sefa, naira tsofaffi da aka daina karɓa, dirhamin Dubai, da wasu sulalla masu huda a tsakiya da ita kanta ta manta na ina ne.

"Wanne ne zai yi mana amfani a ciki?"

Na ce babu ko ɗaya. Italiya da Sifen ero ne kamar nan, Tunis ce kawai ke da nata, dinari. Ta ce to mu tashi mu je mu saya tun yanzu, ita ba ta shiga ƙasar mutane hannu sake. Muka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har wajen tashar Gare du Nord, inda take da wani ɗan canji da ta saba da shi. Mutumin ya saurare ta ta bayan gilashi, ya girgiza kai. Ya ce ba a sayar da dinarin Tunisiya a wajen ƙasar, sai mun sauka can. Muka gwada shago na biyu, amsa ɗaya.

"Wane irin kuɗi ne wannan da ba ya fita daga gida?" in ji Gwaggo, ranta a ɓace kamar ita aka hana fita.

Amma ba ta bar wurin haka nan ba. Ta sa ya farfasa mata manyan takardun ero zuwa 'yan biyar-biyar da goma-goma, ta ce mai ƙaramin kuɗi a hannu ya fi iya ciniki. Da muka koma gida ta zauna a kan keken ɗinkinta ta ɗinka mana lalita biyu da ragowar atamfa, masu zif, waɗanda ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Tawa kore ce mai zanen kifi.

Sai na buɗe mata shafin jirgin a waya. Duk garin da za a tsaya akwai yawon da kamfani ya shirya, da bas da mai yi wa mutane bayani, ana biya tun kafin a tashi. Na garin Napoli na Italiya ero tamanin kowane mutum. Gwaggo ba ta taɓa yarda da farashi ba sai ta mai da shi sefa a kanta. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa da jaka, wato sefa dubu-dubu.

"Jaka hamsin da biyu! Don a zaga da ni a cikin bas?"

"Gwaggo, in mun bi nasu, ko bas ya makara jirgi zai jira mu. In mun tafi da kanmu muka makara, tafiyarsa zai yi."

"Ni na taɓa makara?"

Muka daɗe muna ja. A ƙarshe muka raba: za mu biya na Napoli, don ni ina son ganin tsohon garin nan na kusa da shi da tokar dutse mai aman wuta ta binne, ita kuma a bar mata Tunis, ta nuna mini yadda ake shiga gari. Na danna na biya da katina. Ta ƙirgo nata rabon daga cikin sababbin 'yan goma-goman ta ajiye mini a cinya, tana tsaki a hankali.

Ranar tafiya Gwaggo ta sauko Lyon da safe, muka haɗu a tashar Part-Dieu. Ta sha sabon lufaya ruwan toka, da baƙin tabarau da ban taɓa ganinta da shi ba. Kafin azahar muna Marseille. Da tasi ya karya kwana sai muka hango jirgin. Hoton bai faɗi gaskiya ba. Unguwa guda ce a kan ruwa. Na riƙe hannun Gwaggo ina dariyar da ban san dalilinta ba, ita kuwa sai salati take yi tana ƙirga hawa da yatsa.

A bakin shiga aka ɗauki hotonmu aka ba kowa wani kati mai sunansa. Ma'aikaciyar ta yi mana bayani: shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi. A cikin jirgi ba a karɓar tsaba ko ta ruwan kwalba. Ni na haɗa nawa da katin banki. Gwaggo ta ƙi. Ta ce ba za ta bar wa baƙi ƙofar asusunta a buɗe ba. Aka nuna mata wata na'ura da ake zuba tsabar kuɗi su koma cikin katin. Ta juya wa mutane baya, ta zaro ero ɗari daga lalita, tana ba na'urar ɗaya bayan ɗaya. Duk takardar da ta haɗiye sai Gwaggo ta leƙa bakin ramin.

Kwana biyun farko a guje suka wuce. Ɗakinmu yana da 'yar baranda, kuma da asuba ruwan yakan zama launin da ban san sunansa ba da Hausa ko da Faransanci. Alƙibla kuwa kullum sai mun duba waya, don jirgin yakan juya ba mu sani ba. Gwaggo ta gano cewa abincin babban ɗakin cin abinci yana cikin kuɗin da muka riga muka biya, amma lemon kwalba da kofi mai kyau sai an miƙa kati. Daga nan ta zama mai gadin katinta. Kifi kuwa ta ci shi iri-iri, gasasshe da dafaffe da wanda ba mu gane yadda aka yi shi ba.

A Napoli aka liƙa mana lamba a ƙirji, aka ba mu 'yar na'urar sawa a kunne, muka bi wani dogon saurayi mai ɗaga sanda da lamba goma sha huɗu. Ni dai na ji daɗi. A tsohon garin da toka ta binne na taka titin dutse da sawun keken doki ya ci tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, na ga dutsen da ya yi aman wutar a tsaye can nesa kamar bai taɓa yin komai ba. Amma saurayin sauri yake yi, ƙafar Gwaggo kuwa ba ta son sauri. Ta tsaya a wani kangon shago mai kanta da ramukan tukwane, tana shafa dutsen.

"Wannan mai sayar da abinci ce," ta ce. "Nan miya, nan tuwo, nan take tsayawa ta karɓi kuɗi. Allah sarki." Sai ta ɗaga kai ta ga sandar mai lamba ta yi nisa. "Jaka hamsin da biyu, kuma ko gaisawa da masu gida ba za a bar mutum ya yi ba."

Sai muka ji wata ta fashe da dariya a bayanmu. Wata doguwar mata ce mai gajeren gashi da hular rana, da ƙaramin gicciye a wuya.

"Sannu Mama," ta ce da Hausa. "Ku yi haƙuri, tun a bas nake jin ku, na kasa daurewa."

'Yar Jos ce, likitar haƙori, tana aiki a Paris. Ta cika shekara hamsin ne ta ba kanta kyautar tafiyar, ita kaɗai. Hausarta ta 'yan Najeriya ce, da Turanci a ciki inda mu muke sa Faransanci, amma kafin mu koma bas Gwaggo ta riga ta san garin mahaifiyarta da dalilin da ya sa ba ta sake aure ba. Da dare ya yi a teburi ɗaya muka ci abinci. Da ta ji shirin Tunis, ta je ta soke yawon da ta yi rajista, ta ce ita ma ƙungiyar Mama za ta bi.

Mun iso Tunis da hantsi, fararen gidaje na ƙyalli a bakin ruwa. A cikin ginin tashar akwai wurin canji. Gwaggo ta ce kowa ya canza ero ɗari, gara ya yi yawa da a ji kunya a kasuwa. Aka miƙo mana dinari ɗari uku da 'yan kai kowacce, takardu masu launi-launi da hotunan mutanen da ba mu sani ba. Gwaggo ta shinshina su, ta ɗaga ɗaya ta duba a haske, fuskarta sai sheƙi take yi.

A waje direbobin tasi suka yanyame mu. Ta bi su da kallo ɗaya-ɗaya, ta zaɓi wani dattijo mai furfura da bai yi mana ihu ba. Ya ce ero sittin kowacce, yini guda. Gwaggo ta yi masa sallama cikakkiya, ta tambayi iyalinsa da ɗan Larabcin da ta tsinta a Makka, sannan ta koma Faransanci ta ce da dinari za mu biya, kuma kuɗin mota za mu biya, ba kuɗin kai ba. Ya kama kansa. Ta juya kamar za ta tafi. Ya biyo ta. Ni da likita muna tsaye muna danne dariya. Suka daidaita a dinari ɗari da hamsin mu uku, ya kai mu tsohon gari, ya kai mu wani gari na kan tudu mai shuɗɗan ƙofofi da muka gani a hotuna, ya dawo da mu. Ya buɗe mata ƙofar gaba yana cewa, "Hajja, ke ba baƙuwa ba ce."

A shagon farko cikin kasuwar tsohon gari Gwaggo ta ɗauki wani gyale ta duba farashi, ta sake shi kamar ya ƙone ta.

"Dubu goma sha biyu da ɗari biyar! Gyale?"

Mai shagon ya yi mata bayani. Dinari ɗaya ana raba shi gida dubu, don haka dubu goma sha biyu da ɗari biyar ɗin dinari goma sha biyu da rabi ne, bai kai ero huɗu ba. Su a bakinsu da dubbai suke magana. Gwaggo ta yi dariya har ta dafa kanta.

"Ashe su ma suna da nasu lissafin, kamar yadda muke ƙirga da dala, sefa biyar mu ce dala ɗaya, baƙo ya rikice! To yanzu na gane ku."

Daga nan babu mai iya tsayar da ita. Lungunan kasuwar a rufe suke ta sama, ga ƙamshin turare da fata da gasasshen kofi, ga ƙarar maƙeran tagulla. Ta shiga shago ta zauna, a kawo mata shayi, ta yaba kaya, ta kushe su, ta tashi, a kira ta. Abin da aka ce arba'in ta saye shi sha biyar. Wani mai turare ya rantse ya yi asara, sannan ya ƙara mata 'yar kwalba kyauta. Likita ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin irin wannan aikin tiyata ba. Da azahar ta yi muka shiga babban masallacin da ke tsakiyar kasuwa, likita ta zauna a inuwa a waje tana riƙe mana jakunkuna. Da muka fito ta tanadar mana ruwan lemo da aka matse a gabanta, mai sanyi. Na sha ina jin kiran salla na wani masallacin yana ƙarasawa can nesa, na tuna rabona da jin kiran salla a sarari a titi tun zuwana gida na ƙarshe. Sai da na share ido.

Garin kan tudu ya fi hotunansa kyau. Bango fari, ƙofa shuɗiya, furanni ja na zubowa ta kan katanga, teku a ƙasa. Muka zauna a wani gidan shayi mai tabarmi, aka kawo mana shayin na'ana'a da wasu fararen 'ya'yan itace suna yawo a sama. Direbanmu ya zauna tare da mu. Daga nan muna hango jirginmu ɗan ƙarami. Gwaggo ta juya gefe ta leƙa lalitarta, ta dawo da fuskar nasara.

"Kun gani? An zaga da mu, mun ci, mun sha, mun yi sayayya, kuma fiye da rabin kuɗina na nan. Sauran zan kai gida in ajiye."

Dattijon ya ajiye kofinsa. "Hajja, ba a fita da dinari daga ƙasar nan. Doka ce. Ko ki mayar a wurin canji da takardar da suka ba ki, ko ki kashe."

Muka dubi juna. Takardar canjin ai tun a kasuwa Gwaggo ta naɗe ɓawon goro da ita ta jefa a kwandon shara. Tawa ban ma karɓa ba. Likita ce kawai ke da tata. Ko ana bincike a ƙofa ko ba a yi, ban sani ba har yau. Amma Gwaggo mace ce da ta yi shekara talatin tana hulɗa da 'yan kwastan ba a taɓa kama ta da laifin ko allura ba, kuma ba a Tunis za ta fara ba.

Na duba wayata na ce kada hankalin kowa ya tashi, ƙarfe uku ne, sai biyar ake rufe ƙofar jirgi, muna da awa biyu mu kashe su a natse. Likita ta dubi agogon hannunta, ta sake dubawa.

"Ƙarfe huɗu ne fa."

"Uku."

"Wayarki ta koma lokacin Tunis da kanta. Jirgi da lokacin Faransa yake aiki, an rubuta a takardar da suka turo ta ƙarƙashin ƙofa. Ni ban taɓa agogona ba. Saura awa ɗaya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Gangarowa daga tudun nan zuwa inda aka ajiye mota ya ci mana minti goma sha biyar, don ƙafar Gwaggo ba ta san da maganar jirgi ba. Dattijon ya ja mota yana ta addu'a da ƙarfi, yana ratsa wasu lunguna da ya ce ba kowa ya san su ba. Muka tarar da cunkoso a wata mahaɗa, wata babbar mota ta tsaya tana sauke kankana. Ina ta lissafin kuɗin jirgin sama mu uku daga Tunis zuwa Barcelona, inda jirginmu zai tsaya a gaba, ga magungunan Gwaggo na hawan jini a ɗakin jirgi. Amma abin mamaki, dariya ce ke ta taso mini, likita ma haka, muna riƙe da hannun juna a kujerar baya kamar 'yan makarantar da suka tsallake katanga.

Saura minti ashirin muka iso. Muka biya dattijon, kowacce ta ƙara masa da abin da hannunta ya kamo, ya dafa ƙirji yana sa mana albarka. Layin wurin canji ya kai mutum talatin, likita ta kalle shi sau ɗaya ta haƙura. A gefen hanyar shiga akwai jerin shagunan 'yan yawon buɗe ido, irin waɗanda da safe Gwaggo ta wuce su tana cewa na waɗanda ba su san ciwon kuɗinsu ba ne. Nan muka afka.

"Dabinon nan nawa?" in ji Gwaggo.

"Talatin, Hajja."

Na ga bakinta ya buɗe zai ce goma. Ta rufe ido, ta miƙa talatin.

"Ba ni uku."

Mai shagon da kansa ya tsaya yana jira a taya. Da ya ga da gaske take, sai ya fara zuba mata kaya a leda da hannu biyu. Ni na kwashi yajin gwangwani da sabulun zaitun da wani turmi na icen zaitun da taɓaryarsa, mai nauyin tsiya. Likita ta fito da faranti mai zane da kejin tsuntsu fari da shuɗi, alhali ba ta da tsuntsu. Gwaggo ta juye sauran sulallan a tafin mai shagon ba ta ƙirga ba, tana cewa da Hausa, "Riƙe, riƙe, yau ranarka ce, ka gode wa agogo."

Daga ƙofar tasha zuwa matakalar jirgi akwai 'yar tafiya a fili. Ma'aikata sun fara naɗe rumfar da ke bakin matakala. Ni da likita muka ruga, turmi na dukan cinyata, keji na lilo. Na waiwaya na ga Gwaggo tana tahowa a hankali, lufaya na kaɗawa, baƙin tabarau a ido, ledar dabino a kowane hannu.

"Gwaggo, don Allah ki ɗaga ƙafa!"

"Sun gan ni ai. Ba za su tafi suna kallona ba."

Mutane sun cika barandun jirgin suna kallonmu. Wani ya fara tafi, sai sauran suka ɗauka, har da masu fito. Gwaggo ta tsaya, ta ajiye leda ɗaya, ta ɗaga musu hannu, ta ɗauka ta ci gaba. Ita ce ta ƙarshe da ta miƙa kati aka danna. Ma'aikacin ya nuna mata agogo, ta ciro dabino guda daga leda ta ba shi. Muna shiga aka janye matakala.

A cikin lif muka zube jikin bango muna haki muna dariya har hawaye. Gwaggo ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Talatin. Dabinon da bai wuce goma sha biyu ba." Sai ita ma ta fashe.

A Barcelona ba mu yi nisa ba. Muka sha kofi a bakin tasha, muka dawo tun saura awa uku, likita na duba agogonta kowane minti biyar. Ranar ƙarshe Gwaggo ta je ta karɓi ragowar abin da ta zuba a na'ura. Ero tamanin da ɗaya aka mayar mata cikin ɗari, ta ce dama ta san haka za a yi.

Mu uku muka hau jirgin ƙasa daga Marseille. Likita ta zarce Paris da kejinta a cinya, bayan ta yi wa Gwaggo alƙawarin duba mata haƙorin da ke damunta. Ta kuwa cika, kuma har yanzu takan je Bobigny cin tuwo ranar Lahadi bayan ta taso daga coci. Ni da Gwaggo muka sauka a Lyon, za ta kwana biyu a wurina ta huta.

Muna isa gida muka yi alwala muka ta da sallar la'asar. Ina yin ruku'u na ji falon ya karkata hagu, ya dawo dama. Na dafe gwiwa da kyau, ashe lilon jirgin bai saki jikina ba. Ta gefen ido na ga Gwaggo ita ma tana tangaɗi, ta buɗe ƙafafu kamar mai tsayuwa a bayan akori-kura. Da ƙyar muka kai sallama. Ta jingina da kujera ta ce gidan nan naku tafiya yake yi, a kira mai ginin.

Kafin magariba maƙwabta sun cika falon, matan Damagaram da na Tawa da wata 'yar Mali da ke hawa na ƙasa. Aka buɗe dabino, aka dafa shayi, turmin ya zaga hannu-hannu ana ɗaga nauyinsa. Gwaggo ta zauna a tsakiya tana ba da labari. A bakinta minti ashirin ɗin ya koma biyar, masu tafin suka zama mutum dubu, har matuƙin jirgin ya leƙo ta taga ya sara mata. Wata ta juyo ta tambaye ni ko haka aka yi. Bakina cike da dabino, na gyaɗa kai.